Gidan da sarki ya gina don ya guje wa mutane

Tun shekaranjiya da na ɗora hoton nan namu, wanda farin gidan sarautar ya fito a bayanmu kamar an dasa shi a kan dutse, saƙonni ke ta shigo mini. Wani ya ce ashe gidan da gaske yake, shi duk zatonsa zanen kwamfuta ne. Wata ƙanwata ta ce in rantse ba haɗa hoton aka yi ba. Wani abokina kuma, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, ya rubuto cewa: ka ga inda shugabanni suka yi aiki, namu kuwa sai ci. Maganar tasa ce ta zaunar da ni rubutun nan, don na je, na shiga, na gani da idona, kuma ban yarda da shi ba.

Sunan gidan Neuschwanstein, a kudancin jihar Bavariya ta Jamus, dab da iyakar Ostiriya. Kada ku wahalar da harshenku. Hajiyarmu ma tun a jirgi ta yanke hukunci cewa ita Gidan Sarki za ta riƙa cewa, kuma haka muka bi ta.

Mu biyar muka tafi: ni, uwargida, babbar 'yarmu mai shekara tara, autanmu mai huɗu, sai Hajiya da ta zo mana ziyarar wata uku. Yarinyar ce ta matsa. Ta ga hoton gidan a makaranta, aka ce musu irin gidan da gimbiyoyin tatsuniya ke zama ne, tun daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba. Ranar Asabar da sassafe muka hau jirgin ƙasa daga Munich da tikitin nan na yini guda da ke ɗaukar iyali a ko'ina cikin Bavariya. Tafiyar kusan awa biyu ce zuwa wani ƙaramin gari, Fussen. Ni ina ta duba agogo, Hajiya kuwa goshinta na jikin gilashi. Shanu take kallo, jajaye-jajaye masu ƙararrawa a wuya, suna kiwo a fili kore shar ba makiyayi ba sanda. Ni ɗan farinta ne, ba ta kiran sunana, sai ta taɓo ni ta ce, "Kai, wai waɗannan ba mai sace su?"

Daga tashar Fussen motar haya ta kai mu ƙauyen Hohenschwangau cikin 'yan mintoci. A nan na fara gane cewa hotuna maƙaryata ne. A hoto gidan shi kaɗai ne tsakanin dutse da gajimare. A ƙasa kuwa kasuwa ce sosai: manyan motocin 'yan yawon buɗe ido jere, shagunan tsaraba, masu ɗaga tuta jama'arsu na biye da su, harsuna iri-iri kamar a Mina. A shekarun baya mutum wajen miliyan 1.4 kan zo nan a shekara, da bazara kuma har 6,000 a yini ɗaya.

Tikitin shiga da lamba yake da kuma lokaci, kuma Bajamushe idan ya ce ƙarfe ɗaya da minti biyar, to ƙarfe ɗaya da minti biyar yake nufi. Ka makara, tikitinka ya ƙone, ba wanda zai saurari labarinka. Na sayi namu ta intanet makonni kafin ranar, wannan kam na yi dabara. Inda na yi wauta shi ne hawan. Na ɗaga kai na ga gidan kamar in miƙa hannu in taɓa, na ce ai da ƙafa ma ma isa. Uwargida ta dube ni, ta dubi gwiwar Hajiya, ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana zafi. Hawan minti talatin zuwa arba'in ne ga mai lafiya, kuma tsaye yake ba sassauci. Dole muka rabu. Su uku suka bi layin keken doki, ni da yarinya muka kama hanya, jakar abinci a bayana. Kafin rabin hanya ina haki kamar wanda kare ya koro, ita kuwa tana gaba tana ce mini, "Abba, ka yi sauri mana." Keken dokin ma ashe ba ya kaiwa ƙofa, a ƙasa kaɗan yake saukewa, sauran kowa ƙafarsa ta fisshe shi. Lambarmu na fitowa a allo muna isowa, Hajiya na riƙe da hannuna tana salati.

Ciki kuwa minti talatin ne kacal. A ba ka wata 'yar na'ura ka kara a kunne, a kora ku daga ɗaki zuwa ɗaki kamar garke, kafin ka gama kallon silin ayarin da ke bayanku ya iso. Ba a ɗaukar hoto. Ba a shiga da keken yara. Matakala tsakanin hawa da sauka sun haura ɗari uku, auta kuma tun a ta ashirin ya ce shi a ɗauke shi.

Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya kai aiki. Gadon sarkin kaɗai abin a tsaya a yi shiru ne: katako aka sassaƙa har samansa ya zama kamar tarin ƙananan hasumiyoyi. A gefe ga wurin wanke fuska, famfon an yi shi da siffar tsuntsun nan fari mai dogon wuya, ɗan'uwan agwagwa, wanda Jamusawa ke kira Schwan, ruwa na fitowa ta bakinsa. Tsuntsun yana ko'ina a gidan, a ƙofa, a labule, a bango, har cikin sunan gidan ma. Tsakanin falo da ɗakin karatu kuma an gina kogo na ƙarya, da duwatsun ƙarya masu zubowa daga sama, a cikin bene. Auta ya ƙanƙame wuyana ya ce akwai dodo.

Ɗakin da ya tsaya mini a rai shi ne na gadon sarauta. Dogo ne hawa biyu, ruwan zinare ta ko'ina, ginshiƙai ja da shuɗi, ƙasa an shimfiɗa ƙananan duwatsu masu siffar dabbobi da tsirrai, sama ga wata ƙatuwar fitila mai kamar kambi. Matakalar farin dutse ta hau zuwa inda sarki zai zauna. Ka bi matakalar da ido har ƙarshe, sai ka tarar da fili. Yarinyata ta ja rigata ta ce, "Abba, ina kujerar?" Ba a taɓa yin ta ba. Mai gidan ya mutu kafin a ƙera.

Hajiya ba ta jin abin da na'urar ke faɗa, ni nake mayar mata da Hausa a hankali. Tambayoyinta ne suka fi na'urar amfani. Ta ce ina fadawa ke zama? Na ce ba a yi wurin don zaman fada ba. Ta ce to ina talaka ke tsayawa idan ya kawo ƙara? Na ce talaka ba ya zuwa nan. Ta ce matansa nawa? Na ce bai taɓa aure ba, an yi masa baiko sau ɗaya a 1867, ya yi ta ɗaga ranar har ya fasa. 'Ya'ya fa? Babu. Da muka zo ɗakin cin abinci ta ga ɗan tebur, na ce mata shi kaɗai yake ci, daga kicin da ke can ƙasa ake turo abincin ta wata na'ura mai hawa. A wani gidan nasa ma, Linderhof, teburin ne gaba ɗaya ke nutsewa ƙasa a shirya shi a turo, don kada ya haɗa ido da masu hidima. Hajiya ta tsaya, ta gyara mayafi, ta ce, "Allah sarki. Wannan ai ba sarki ba ne, maraya ne."

Duk abin da na karanta a kan mutumin bai kai wannan jimlar ba.

Ludwig na Biyu sunansa. An haife shi a 1845, ya hau gadon Bavariya a 1864 yana ɗan shekara 18, bayan rasuwar mahaifinsa Maximilian na Biyu. Ya tashi a wani gidan sarautar mai launin rawaya da ke fuskantar wannan, a can ƙasa kusa da tafki, inda bangon ɗakuna ke cike da zanen jarumai da mahaya na tsofaffin labaran Jamusawa. Da su ya girma, su ya so ya zama. Shekara biyu da hawansa aka yi yaƙin 1866, Bavariya ta goyi bayan Ostiriya, masarautar Furushiya ta arewacin Jamus ta ci su. Zuwa 1871 ƙasarsa ta shige cikin sabuwar daular Jamus, babban iko ya koma Berlin. Ga rawani a ka, ga majalisa da ministoci a gefe, ga wani sarkin a samansa. Mutumin da ya yi mafarkin mulki irin na sarakunan Faransa na da, wanda ba mai ce musu don me, sai ya juya wa Munich baya ya hau dutse. Abin da ya kasa samu a ƙasa ya ce a gina masa da bulo. Ya koma barci da rana, yawo da dare.

An aza harsashin gidan a watan Satumba na 1869, shekarar da aka buɗe mashigin ruwan Suez. Ku lura da wannan, don mutane da yawa na ɗauka gini ne na shekara dubu. Gidan Rumfa na Kano ya girme shi da kusan shekara ɗari huɗu. Wanda ya fara zana siffarsa ma, Christian Jank, mai zanen dandalin wasan kwaikwayo ne, daga baya magina suka mayar da zanen gini. Bulo ne aka lulluɓe da farin dutse, aka sa ƙarfe a inda nauyi ya yi yawa, injin tururi na ɗaga kaya. Ciki akwai ruwan famfo, da bayan gida mai kora da kansa, da iska mai ɗumi da ke zagaya ɗakuna, da ƙararrawar lantarki ta kiran bayi, har da wayar tarho. Hasumiyoyin nan da ke burge mu ba a taɓa harba kibiya daga kansu ba. Ado ne. Ya yi shi ne don girmama duniyar da mawaƙin nan Richard Wagner, wanda yake ƙauna kuma yake ɗaukar nauyinsa, ke nunawa a wasanninsa. Akwai babban zauren mawaƙa a hawa na sama, kuma har sarkin ya mutu ba a taɓa taron waƙa a cikinsa ba.

Daga cikin ɗakuna kusan 200 da aka tsara, goma sha 'yan kai aka gama. Babbar hasumiyar da aka so ta kai mita 90 ba ta wuce harsashi ba. Kwanan da ya yi a gidan duka-duka 172 ne. Bashin da ya tara, da wannan ginin da sauran, ya kai mak miliyan 14, kuɗin Jamus na lokacin. Yana neman ƙarin rance, ministoci suna ƙi, yana barazanar sallamarsu. Sai suka riga shi. A watan Yuni na 1886 wasu likitoci ƙarƙashin Bernhard von Gudden suka sa hannu cewa ya taɓu, ba tare da sun zaunar da shi sun duba shi ba. A cikin wannan gidan aka zo aka kama shi, aka kai shi gidan Berg a bakin tafkin Starnberg. Washegari, 13 ga Yuni, aka tsinci gawarsa da ta likitan a cikin ruwa. Yana da shekara 40. Har yau Jamusawa na gardama a kan abin da ya faru a daren.

Mako bakwai bayan mutuwarsa aka buɗe ƙofar ga duk mai kuɗin shiga. Gidan da aka gina don kada kowa ya shigo.

To abokina, ga inda muka rabu. Ka ce shugaba ya yi aiki. Wane aiki? Adalcin da zan yi masa shi ne, ba baitulmali ya fasa ba, kuɗinsa na sarauta ya zuba da kuma bashin da ya ci da sunansa, kuma magina da masassaƙa da masu dakon yankin sun ci abinci a jikin aikin shekara da shekaru. Wannan na ba shi. Har yau mutanen Bavariya da yawa na son sa, za ka ga hotonsa a kofi da riga. Amma mutumin nan bai gina wa jama'arsa komai ba a kan dutsen nan. Maɓoya ya gina wa kansa, a lokacin da ministocinsa ke neman ganinsa ba sa samu. Da a ce yau wani mai mulki a wurinmu ya bar fada, ya hau dutse ya gina gida mai ɗaki ɗari biyu da kogon ƙarya a ciki, bashi har wuya, ya ce kada kowa ya zo, kai ne na farko da za ka cika Facebook da zagi. Don dai wannan fari ne, yana cikin dusar ƙanƙara, kuma shekara ta haura ɗari, shi ne ya zama hangen nesa?

Na san amsar da za a ba ni: ai ga shi yanzu yana kawo kuɗi. Gaskiya ne yana kawowa, garuruwan da ke kewaye da shi suna ci. Amma kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ludwig bai yi niyyar ko mutum ɗaya ya sayi tikiti ba. Idan akwai wanda ya cancanci yabo a kan kuɗin nan, waɗanda suka zo bayansa ne: hukumar kula da gidajen sarauta ta Bavariya da ma'aikatanta, masu bin farin dutsen nan suna gyarawa saboda sanyin tsauni na cin sa, masu ɗaure dutsen da gidan ke kai don kada ya zame, masu hana mu taɓa labule. Aiki ne mara daɗin faɗa, ba a yi masa waƙa, ba a yanke masa kyalle. Gidan ya tsallake yaƙin duniya biyu, har da lokacin da 'yan Nazi suka mayar da shi rumbun kayan tarihin da suka kwaso daga Faransa, ya kai ga UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2025. In dai kwatance kake so da gida, a nan ya kamata ka yi shi. Mu ba gini muka rasa ba. Wanda ya san ganuwar Kano shekara talatin da suka wuce, ya je ya dube ta yau.

Ita kuwa maganar tatsuniya, kamfanin Disney ne ya ƙarasa ta, da ya ɗauki siffar gidan ya yi nasa a wurin wasansa na Amurka, yaran duniya suka haddace. Yarinyata ta shiga tana neman gimbiya, ta fito da labarin wani mutum mai cin abinci shi kaɗai. A matakalar sauka ta tambaye ni, "Abba, to ba shi da abokai ne?" Na rasa ta cewa, na ce ta kula da ƙafarta.

Hoton da kuka gani, a kan wata gada muka ɗauke shi, Marienbrucke, wadda aka sa wa sunan mahaifiyar sarkin. Siririya ce, an ɗora ta a kan wani rami mai zurfin kusan mita 90, ruwa na zuba a ƙasa. Daga nan ne gidan ke fitowa yadda duniya ta san shi, kuma wallahi ya fito. Na yi shiru na ɗan lokaci, ga farin gini, ga tafkuna da koren fili shimfiɗe a bayansa har iyakar gani. Sai dai abin da hoton bai nuna muku ba: mun yi layi kafin mu hau, katakon na motsi a ƙarƙashin ƙafa, gwiwar hannun wani na cikin haƙarƙarina, uwargida ta runtse ido tana karanta duk addu'ar da ta sani, murmushin da kuka gani na daƙiƙa uku ne. Hajiya ko kusa ba ta zo ba. Ta leƙa sau ɗaya ta ce ita ba ta bar Kano don ta mutu a rami ba, ta samu benci ta zauna.

Masu tambaya ko ya cancanci zuwa da iyali: ku je, amma kada ku ɗora ranarku a kan minti talatin ɗin ciki. In da tsoho ko ƙaramin yaro, ku bar wa hawan awa guda da rabi, ku yi guzuri, ku sa takalmin kirki. Wanda bai samu tikiti ba ma bai yi asarar da yake zato ba, hanya da gada da tafki duk kyauta ne.

Mu dai inda muka ji daɗin ranar shi ne bayan mun sauko. A ƙarshen ƙauyen akwai tafkin Alpsee, ruwansa garau har kana ganin tsakuwar ƙasa. Muka samu gefe nesa da jama'a, uwargida ta buɗe jaka: dambun naman da Hajiya ta zo da shi, cincin, burodi, da shayi mai citta a fulas. Na yi alwala da ruwan tafkin, sanyinsa ya ratsa ni har haƙori, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka yi la'asar. Muna sallamewa sai ga tsuntsun nan na famfon sarki, na gaske, guda biyu, suna tahowa a kan ruwa ba ko motsin fiffike. Auta ya tafi da gudu da cincin a hannu, ɗaya ya miƙe wuya ya yi masa huci, ya dawo da gudun da ya fi na tafiya. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Gidan na can sama a bayanmu, kusan awa guda ba wanda ya waiwaya.

A jirgin komawa na bi su ɗaya bayan ɗaya, me ya fi burge ku. Auta ya ce dokin da ya yi kashi suna cikin tafiya. Yarinya ta ce gadon, amma ita ba za ta iya kwana a ɗakin ita kaɗai ba. Uwargida ta ce saukowa daga gada. Hajiya ba ta amsa ba, goshinta ya koma jikin gilashi, magariba na shigowa. Can sai ta taɓo ni.

"Kai, sati mai zuwa in ba ka da aiki, ka kai ni inda ake tatsar shanun nan."